Hannu a Ƙirji: Yadda Ebola da Korona Suka Taɓa Gaisuwar Hausawa

Gaisuwa a ƙasar Hausa aiki ne na baki da jiki da ƙafa. Baki ke yin sallama, ya tambayi kwana da gajiya da iyali. Jiki ke miƙa hannu, ko ya rusuna, ko ya durƙusa, gwargwadon girman wanda ake gaisarwa. Ƙafa kuwa ita ke ɗaukar mutum ta kai shi gidan da aka yi haihuwa, ko aka yi rasuwa, ko wani ya kwanta ciwo. Duk annobar da ke tsallakawa daga mutum zuwa mutum sai ta ci karo da waɗannan, sai dai ba iri ɗaya take taɓa su ba. Sau biyu a wannan ƙarni hukumomin lafiya suka fito fili suka nemi jama'a su sauya yadda suke gaisawa: a 2014 da Ebola ta shigo Legas, da kuma a 2020 da korona ta game duniya har ta hana sallar Juma'a a Kano da Yamai.

Gaisuwar baki doguwa ce, kuma tsawon nata shi ne darajarta. Maƙwabta biyu da suka haɗu bayan sallar asuba ba sa rabuwa da sallama kawai. Sai an bi ta kan ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya mai jiki, yaya aka ji da sanyi. Kowace tambaya da amsarta a ajiye, kuma amsar ba ruwanta da halin da ake ciki: wanda ciwo ya hana shi runtsawa zai ce jiki da sauƙi. Abin da ake dubawa shi ne lokacin da mutum ya tsaya ya ba ɗan'uwansa. Wanda ya gutsure gaisuwa ya wuce, ko dai a ce girman kai ya shige shi, ko a fara tunanin akwai wata a ƙasa.

Musafaha tare take tafiya da wannan doguwar magana. Ana riƙe hannun har tambayoyin su yi nisa, a saki, kowa ya kai tafinsa ƙirji, sau da yawa a sake kamawa idan wata tambayar ta taso. Yaro ba ya fara miƙa wa babba hannu. Jira yake a miƙo masa, in an miƙo ya karɓa da hannu biyu yana rusunawa, ko ya tallafi wuyan hannun dama da na hagu. Wanda ya iso majalisa ya tarar da mutane a kan tabarma, sai ya tuɓe takalmi ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga dama, ba ya tsallake kowa. A wurin ɗaurin aure, hannun waliyyi kan shiga hannuwa ba adadi kafin a shafa fatiha, da kuma bayan an shafa.

Duk da haka musafaha ba ta kowa da kowa ba ce. Galibi ta maza ce, kuma mazan da babu nisa sosai a tsakaninsu ta fuskar shekaru ko matsayi. Mace ba ta ba namijin da ba muharraminta ba hannu. Amarya a durƙushe take gaida surukarta, kai a sunkuye. Ango yakan tsuguna can gefe idan ya je gaida surukinsa. A fada, talaka na tuɓe takalmi tun daga nesa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗaga dunƙulallen hannu ya yi jinjina, dogarai su amsa masa da cewa sarki ya gaishe shi. A duk waɗannan babu fatar da ta taɓa fata. Tun kafin wani likita ya yi maganar ba da tazara, babban kaso na gaisuwar Bahaushe da tazara ake yin sa, kuma tazarar girmamawa take nunawa. Inda ba a saba da ita ba shi ne tsakanin tsara da tsara, kuma nan ne annoba ta nemi a saka ta.

Akwai kuma addini a cikin lamarin. Amsa sallama wajibi ne, musafaha kuwa sunna ce mai lada. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisi daga Bara'u ɗan Azibu mai nuna cewa ana gafarta wa Musulmin da suka haɗu suka yi musafaha tun kafin su rabu. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Damagaram, ta ƙirga musafaha cikin kyawawan abubuwa, ta kuma kawo cewa Imamu Malik ya karhanta runguma da sumbatar hannu. Saboda haka wanda ya janye hannunsa, a idon mai miƙowa, ya saɓa ladabi kuma ya hana shi lada. Amma littattafan nan dai suna ɗauke da rangwame. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin wani kuturu da ya zo cikin tawagar Saƙif don yin mubaya'a, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da an haɗa hannu ba. Akwai kuma labarin Sayyidina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Waɗannan su ne hujjojin da malaman da suka mara wa likitoci baya suka riƙa kawowa a gidajen rediyo.

Darasin Ebola

Ebola ta faro ne a ƙauyen Meliyandu da ke kudancin Gini a Disambar 2013, ta bazu zuwa Laberiya da Saliyo. Kafin ta lafa ta kama mutum fiye da 28,600, ta kashe fiye da 11,300. Ba ta bin iska. Tana bin jini, amai, gudawa, gumi da sauran abin da ke fita daga jikin wanda ciwon ya riga ya bayyana gare shi, kuma gawar wanda ta kashe ta fi komai haɗari. Cuta ce ta taɓawa, don haka kai-tsaye ta faɗa kan gaisuwa. Mutanen Laberiya suna da musafaha tasu ta musamman wadda ake ƙarewa da ƙyasta yatsu har a ji ƙara. Cikin 'yan watanni ta ɓace daga titunan Manrobiya. A Saliyo taken da aka riƙa nanatawa shi ne kada jiki ya taɓa jiki. Bokitai masu famfo cike da ruwan kulorin suka bayyana a ƙofofin shaguna da ofisoshi da wuraren ibada, wanke hannu ya riga sallama.

Inda aka fi shan wuya shi ne gaisuwar ƙarshe, wato wanka da sutura da taɓa mamaci don bankwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla kashi 20 cikin 100 na sababbin kamuwa a wurin jana'iza suke faruwa. Da gwamnatin Laberiya ta ba da umarnin ƙona gawawwaki a Manrobiya a Agustan 2014, sai iyalai da dama suka koma ɓoye majinyatansu da mamatansu. Sai a Nuwambar shekarar hukumar ta fito da tsarin binnewa da aka tsara tare da malaman Musulunci da na Kirista, wanda ya ba da damar yi wa gawar Musulmi taimama a maimakon wanka, a sa ta a likkafani, dangi su tsaya daga nesa su yi addu'a. Abin da ya fito fili shi ne mutane kan yarda su bar taɓawa idan an ba su wani abin da zai tsaya a madadinta, amma ba sa yarda a bar su hannu rabbana.

A Najeriya, wani ɗan Laberiya mai takardar zama ɗan Amurka, Patrick Sawyer, shi ya sauka da cutar a filin jirgin saman Legas ranar 20 ga Yulin 2014. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da cutar. Cocin Katolika a Legas ta dakatar da gaisuwar hannu da ake yi a tsakiyar ibada. Bankuna suka ajiye man tsaftace hannu da na'urar auna zafin jiki a ƙofa, aka ɗage komawa makarantu.

Cutar ba ta taɓa ƙetarowa Arewa ba, tsoronta ne ya ƙetaro. A farkon Agusta jita-jita ta zaga ƙasar cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa na maganin Ebola. Mutane suka riƙa tayar da 'yan'uwansu ta waya kafin asuba, har aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu sanadin shan gishirin. Amma musafaha a Kano da Katsina da Zariya ba ta girgiza ba sai kaɗan. Ƙin ba da hannu ya tsaya ne a matsayin abin barkwanci tsakanin abokai, kuma da aka ce cutar ta ƙare barkwancin ma ya bi ta.

Shigowar korona

Korona daban ce, domin a wannan karon shugabannin duniya ne suka fara jin kunyar ƙin karɓar hannu a bainar jama'a. Ranar 2 ga Maris ɗin 2020 shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, ta miƙa wa ministanta na cikin gida, Horst Seehofer, hannu, ya ƙi karɓa, ta janye tana dariya. Mako guda bayan haka firaministan Holan, Mark Rutte, ya sanar da cewa daga ranar an daina musafaha, yana gama magana ya juya ya kama hannun masanin da ke tsaye kusa da shi. A Tanzaniya an ga Shugaba John Magufuli suna haɗa ƙafa da jagoran adawa Maalim Seif Sharif Hamad. Faransa ta shawarci mutanenta su bar sumbatar kumatu, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ce a dakata da gaisuwar haɗa hanci.

An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu a jikin wani ɗan Italiya, a Nijar kuma ranar 19 ga Maris. Waɗanda aka fara jin sunayensu manya ne masu hawa jirgi. Gwamnan Bauci, Bala Mohammed, ya killace kansa bayan ya yi musafaha a jirgin sama da wani da aka gano yana ɗauke da cutar, kuma ranar 24 ga Maris gwaji ya nuna shi ma ya kamu. Kwana huɗu bayan nan gwamnan Kaduna, Nasir El-Rufai, ya sanar da nasa sakamakon. Wannan ya sa talaka ya ɗauke ta cutar masu kuɗi da 'yan boko, wasu ma suka ce babu ita sam. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu, aka sa dokar kulle daga 16 ga wata, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara mata mako biyu na kulle gaba ɗaya.

Shawarar hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, a taƙaice take: a wanke hannu da sabulu, a bar musafaha da runguma, a bar tazarar mita biyu. Abin da ba ta faɗa ba shi ne yadda za a yi da hannun da aka riga aka miƙo. Haɗa gwiwar hannu ya samu karɓuwa a wurin 'yan siyasa da ma'aikatan gwamnati, musamman in akwai mai ɗaukar hoto. A unguwa kuwa bai zauna ba, haɗa ƙafa ma ko kusa. Dalilin a bayyane yake: ɗaga wa mutum ƙafa ko zungurar sa da gwiwar hannu wasa ne na tsara, ba a yi wa uba ko malami ko liman. Gaisuwar da ba ta iya rarrabe babba da yaro ba za ta yi aiki a ƙasar da gaisuwa ke nuna wa kowa matsayinsa ba. Matasa sun ƙara yawan karo da dunƙulallen hannu, amma wannan dama sun san shi daga filin ƙwallo.

Abin da ya yi aiki shi ne abin da ke nan tun da. Ɗora tafin hannu a ƙirji da ɗan rusunawa, wanda a da shi ke biyo bayan musafaha, sai ya tsaya da kansa. Jinjina ta fito daga fada ta shiga kasuwa: mutum ya hango abokinsa, ya dunƙule hannu ya ɗaga, ya tallafe shi da ɗaya hannun, ya ce ranka ya daɗe, an wuce wurin cikin raha. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, shi ma ya ce ya fi son ɗora hannu a ƙirji, domin haɗa gwiwar hannu na kawo mutane kusa da juna fiye da kima.

Sai dai samun madadi bai warware matsalar wanda zai fara janyewa ba. Babba na iya ɗora hannu a ƙirji, yaro ya bi sahu, babu wanda ya ji ciwo. Amma idan dattijo ne ya miƙo hannu, yaron da ke gabansa ba shi da bakin cewa a'a. A al'ada, hannun da ake ƙi na abokin gaba ne, ko na wanda ake ƙyamar jikinsa, kamar yadda aka daɗe ana yi wa kutare. Ma'aikacin lafiya da ya dawo daga asibiti ya tarar da kawunsa a zaure zai ce, "A yi haƙuri, Kawu, daga wurin aiki nake, ban wanke hannu ba." Ya ɗora wa kansa zargin ke nan don kada ya ɗora wa babba. In bai yi wannan dabarar ba, amsar da zai ji sananniya ce: "Haba, ni ne mai koronar?" Da yawa sun zaɓi su karɓi hannun, su koma gefe su shafa man tsaftacewa a ɓoye. Wannan ya sa dokar ta fi kamawa a inda liman ko hakimi ko maigida ya fara bin ta a gaban mutane.

Masallaci, makara da zaman makoki

Masallaci shi ne babbar mahaɗar gaisuwa, sau biyar a yini. A nan ake haɗa kafaɗa a sahu, kuma mutane da yawa sun saba da miƙa hannu dama da hagu da zarar liman ya sallame. Rufe shi ya fi hana musafaha zafi nesa ba kusa ba. A ƙarshen Maris ɗin 2020 matasa sun ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada ta jihar Katsina bayan an kama waɗanda suka jagoranci sallar Juma'a duk da dokar hani. A Nijar an yi tarzoma a Mirya ta jihar Damagaram, aka sake yi a unguwannin Yamai a watan Afrilu gab da azumi, har gwamnatin Mahamadou Issoufou ta buɗe wuraren ibada ranar 13 ga Mayu. Da aka dawo, wasu masallatan sun shata wurin tsayuwa da tazara, kowa ya zo da dardumarsa, amma a yawancin masallatan unguwa sahu ya sake haɗewa cikin ɗan lokaci. Hotunan Ka'aba babu mai ɗawafi, da dakatar da Umara, da aikin Hajjin 2020 da aka taƙaita ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya ba tare da taɓa Hajarul Aswadi ba, sun shawo kan mutane da yawa fiye da duk wata sanarwar gwamnati.

Gaisuwar ƙafa ita ta fi jin jiki. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma ba ya ɗaukar maganar da wasa. Dubiya haƙƙi ce: majinyaci na kwance, 'yan'uwa na shigowa da kwanon abinci ko lemo da ayaba, a zauna a gefen gado, a ce sannu, yaya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Cibiyoyin killace masu korona sun yanke wannan baki ɗaya, shi ya sa ake jin tsoronsu fiye da ciwon, wasu suka gwammace su yi jinya a gida su yi shiru. Barka da suna da biki an iya rage su ko a ɗage. Mutuwa ce ba ta ɗaguwa.

Jana'iza a ƙasar Hausa ta jama'a ce. Kowa na neman ya sa kafaɗarsa a makara ko da taku kaɗan ne, ya sa hannu a ƙasar kabari. Daga maƙabarta a dawo ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, a yi zaman makoki na kwana uku, wasu har bakwai. Duk wanda ya zo zai tsuguna, a ɗaga hannu a yi addu'a, a shafa, sannan ya bi masu karɓar gaisuwa da musafaha yana cewa yaya haƙuri, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mata na can cikin gida a cunkushe a ɗaki ɗaya. Rashin zuwa gaisuwar mutuwa laifi ne da ake riƙewa shekaru.

Manya ma ba su iya kauce wa wannan ba. Da shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ya rasu da cutar ranar 17 ga Afrilu, an ga cunkoso a wurin binne shi a maƙabartar Gudu da ke Abuja, har shugaban kwamitin yaƙi da cutar, Boss Mustapha, ya fito ya nemi afuwa, aka kuma hana wasu hadiman da suka halarta shiga fadar na ɗan lokaci. A daidai wannan lokacin ne masu haƙa kaburbura a Kano suka fara cewa aiki ya yi musu yawa. Malaman jami'a, tsofaffin ma'aikata da dattawan unguwanni suka riƙa rasuwa a jere, Sarkin Rano ma ya rasu a farkon Mayu. A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona, yawancinsu masu shekara sama da 65. Su ne kuwa rukunin da ake zuwa gaisarwa, kuma su ne ke zaune a sahun gaba a kowane zaman makoki. A makonnin nan ne aka fara jin sanarwar rasuwa na ƙarewa da cewa iyalai sun yafe zaman makoki, a yi addu'a daga gida, a yi ta'aziyya ta waya. Kalmar yafewa ita ce mabuɗin: mai haƙƙi ne ya sauke wa jama'a nauyi, don haka wanda bai zo ba bai yi laifi ba.

Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 24 ga Mayu. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya nemi a dakatar da taruwa a filayen idi, gwamnatin Kano kuwa ta bari a yi sallar da sharaɗin sa takunkumi. Shugaba Buhari ya yi tasa a gida da iyalinsa, ya soke gaisuwar Sallah da aka saba kai masa. Aka soke hawan Sallah a Kano, wanda shi kansa gaisuwa ce daga farko har ƙarshe: a Hawan Daushe sarki ke zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, hakimai su yi jafi su kawo jinjina, a Hawan Nasarawa kuma a je gidan gwamnati. Aminu Ado Bayero, wanda aka naɗa Sarkin Kano ranar 9 ga Maris, ya yi Sallarsa ta farko a kan karaga ba tare da wannan ba. Yara dai sun yi yawon Sallarsu a cikin unguwa, domin ba a samu dokar da za ta tsare yaro da sabon ɗinki a ɗaki ba.

Hannu ko numfashi

Hujjar likitoci a kan musafaha tana da tushe. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya a 2014 ya nuna cewa karo da dunƙulallen hannu na rage ƙwayoyin cutar da ke tsallakawa da kusan kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da musafaha, kuma yawan abin da ke tsallakawa na ƙaruwa da daɗewar riƙon da ƙarfinsa. Wani binciken a Ostareliya a 2015 ya ga ɗaliban likitanci na taɓa fuskarsu kimanin sau 23 a awa guda. Ga mutanen da ke shafa addu'a a fuska da hannun da suka gama gaisawa da shi, suke kuma cin tuwo a kwano ɗaya, hanyar daga tafi zuwa baki da hanci gajera ce.

Amma da aka ƙara fahimtar korona, sai ta bayyana cewa ta iska ta fi yaɗuwa, a cikin numfashi da tari da magana, musamman a ɗakin da iska ba ta ratsawa. A 2021 hukumomin lafiya suka amince cewa haɗarin ɗaukarta daga taɓa abubuwa kaɗan ne. Ke nan mutum biyu da suka ɗora hannu a ƙirji, sannan suka tsaya fuska da fuska suna jera ina gajiya da yaya iyali na tsawon mintuna, sun bar ƙaramin haɗari sun riƙe babba. Takunkumin da ya kamata ya tare wannan shi ma ya ci karo da ladabi. Yi wa babba magana da rufaffen baki na kama da raini, dattijon da idonsa ko kunnensa ya yi rauni kuma ba ya gane mai gaishe shi. Sai aka wayi gari mutum na tafe shi kaɗai a hanya da takunkumi a fuska, yana isa gaban wanda zai gaisar ya ja shi ƙasan haɓa, wato ya cire shi a daidai lokacin da ake bukatarsa. Abin da ya taimaki ƙasar Hausa a nan, ba da niyya ba, shi ne yawancin gaisuwar maza a waje ake yin ta, a ƙofar gida ko gindin bishiya.

A farkon Yulin 2020 aka ɗage dokar kulle a Kano, aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi. Musafaha ta dawo tun kafin rigakafi ya iso ƙasar a Maris ɗin 2021. Babban likitan nan na Amurka, Anthony Fauci, ya taɓa cewa da za a bi tasa da ba a sake musafaha ba har abada, amma ko a ƙasarsa maganar ba ta ɗore ba, balle a inda ake neman lada da ita. A 2022 alhazan waje suka koma Makka, dawakan hawan Sallah suka koma Ƙofar Kudu ta fadar Kano, ranar 5 ga Mayun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum kimanin 266,000 suka kamu a Najeriya, sama da 3,100 suka mutu, ko da yake gwajin da aka yi kaɗan ne.

Abin da ya saura ba shi da yawa. Ta'aziyya da barka ta waya ko ta WhatsApp sun ƙara samun karɓuwa ga wanda ke nesa, amma maƙwabci ko ɗan'uwa na jini da ya tsaya a waya har yanzu ana ganin bai kyauta ba. Wasu iyalai, musamman a birane, sun ci gaba da taƙaita zaman makoki, abin da wasu malamai suka daɗe suna kira a kai tun kafin annoba. Mai mura na iya ɗora hannu a ƙirji ya ce yana fama da mura, a karɓa masa ba tare da an ji haushi ba. Bokitan famfo kuwa sun bar ƙofofin shaguna. Da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ta zama cibiyarsa, cuta ce da ita ma ke bin tari da atishawa, amma yara ta fi kamawa, kuma gangamin da aka yi a kan rigakafi ya karkata. A wuraren jinyar mashaƙo da zazzaɓin Lassa ana hana 'yan dubiya shiga, dangi su tsaya daga waje su aika da sannu ta bakin ma'aikatan jinya, sai dai dokar a ƙofar asibiti take tsayawa, ba ta bin mutane kasuwa da masallaci.